Abin da Ya Zo a Buhu: Tarihin Baƙon Abinci da Baƙon Iri a Ƙasar Gure

Gabatarwa

Yau shekara biyu zuwa uku ke nan ana cacar baki a rediyo, a WhatsApp, har da teburin mai shayi, a kan wani irin shuka da har yanzu ba shi da suna da Hausa. Mu nan Nijar haruffa uku na Faransanci muke ji, OGM. Ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka su ce GMO. Wani zai rantse maka guba ce aka ƙulla a ƙasar Turawa don a rage mana haihuwa. Wani kuma, mai takarda a hannu, ya ce ai shi ne zai kori yunwa daga Sahel. In ka ce su faɗa maka mene ne ainihin abin, sai ɗaya ya koma Faransanci, ɗaya ya ce haka dai ya ji.

Ni ɗan Gure ne, ilimin harshe nake karantawa a jami'a, don haka ta ƙofar da na saba zan shigo, wato ta sunaye. Duk abincin da ya taɓa zuwa ƙasar nan daga nesa ya bar sawunsa a bakin mutane, ko a sunan shuka ko a sunan shekara. In muka bi sawun za mu ga yaushe muka karɓi baƙon abinci ido a buɗe, yaushe kuma muka karɓe shi don babu zaɓi. A ganina nan ne zancen lafiyar jama'a yake, kuma daga nan ya kamata a fara maganar OGM.

Baƙin da suka zama ƴan gida

Gure ba ta taɓa zama a rufe ba. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka garin a watan Disamba 1852, Gure ce fadar Muniyo, Muniyoma Koso ke mulki, arzikin ƙasar Manga kuma yana cikin kwarurrukanta: kanwa da manda da ake ɗora wa jakai da takarkarai a kai su Kano da gaban Kano. Ayarin da ya tafi da kanwa ba ya dawowa hannu wofi. Yakan dawo da tufa da goro, da hatsi in shekara ta yi wuya, wani lokaci da ƴan ƙwayoyin wata shuka a ƙulle a bakin zane.

Hatsi dai namu ne. Masu tonon kayan tarihi sun samo tsohuwar shaidar nomansa a kwarin Tilemsi, arewacin Mali, kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Wake ma ɗan Afirka ne. Amma ku leƙa lambun kwari a yau ku ƙirga abin da ke ciki: rogo, masara, dankali, barkono, tumatir, gwanda. Babu ɗaya cikinsu da aka sani a nahiyar nan kafin 1492, shekarar da Kolombus ya isa nahiyar Amurka. Masara ƴar Meziko ce, rogo da gyaɗa ƴan Kudancin Amurka. Miyar da muke ce wa ta gargajiya, rabin kayanta teku suka ƙetaro.

Harshe bai ɓoye wannan ba. Masara tana ɗauke da sunan Masar, ƙasar da mutane suka ɗauka daga can ta fito. Mangawa ma masar suke cewa. Gwandar gida aron suna ta yi wurin gwandar daji, a da har gwandar Masar ake ce mata don a bambanta. A wurare da yawa na Nijar gyaɗa ta karɓi sunan gujiya, wadda ta riga ta zama a ƙasa. Dankalin Turawa ya faɗi masu shi da kansa. Na baya-bayan nan, soya, kunnen Bahaushe ya ji shi suya, sai ya zama waken suya, kuma sunan ya zauna daram kamar don shi aka yi.

Abin lura shi ne kowane baƙo, bayan suna, an yi masa hukunci. An gane akwai rogo mai daɗi da ake gasawa a ci, akwai mai ɗaci da sai an fere, an jiƙa, an shanya, in ba haka ba ya juya wa mutum kai, ya kashe akuya. Wannan ilimi muna da shi tun kan itatuwanmu na daji: anza, da ake komawa gare ta in rumbu ya ƙare, kwana da kwanaki ake jiƙa ta ana sake ruwa kafin ɗacinta ya fita. Babu ɗakin gwaji a wancan zamani. Akwai kusurwar gona inda ake gwada baƙon iri damina biyu uku, akwai tsofaffin mata da ke lura da cikin yara, akwai lokaci. Wanda bai gamsu ba ya bar shi, ya ci tuwon hatsinsa.

Shekarun da suka ci sunan buhu

Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, hanyar abinci ta fara sauyawa. Haraji ya koma na kuɗi, kuɗi kuwa sai an sayar da wani abu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Nguru, maƙwabciyarmu ta kudu, a 1930. A ƙasashen Magarya da Matamai gyaɗa ta zama amfanin sayarwa, ana loda ta zuwa bakin teku, daga can zuwa masana'antun mai na Turai. Gonar da ta ɗauki gyaɗa ba ta ɗauki hatsi ba, rumbun da a da yake riƙe damman shekara biyu uku ya fara ramewa.

Malaman tarihi irin su Boureima Alpha Gado a Yamai, da Michael Watts da ya yi aiki a ƙasar Katsina, sun tattara sunayen da talakawa suka raɗa wa yunwace-yunwacen ƙarnin da ya wuce. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce: ruwa ya ɗauke, haraji bai ɗauke ba. Ta 1927 a arewacin Najeriya Ƴar Buhu, saboda hatsin da aka riƙa kawowa cikin buhuna. Ta wajen 1942 Ƴar Gusau, garin da aka yi ta kwarara neman abinci. Ta wajen 1954 Zabarmawa suka kira ta shekarar gari, saboda garin rogon da ya riƙa shigowa daga kudu ya tsare rayuka. Bayan yunwar 1931 ne Faransawa suka tilasta wa ƙauyuka rumbunan ajiya, kakannin rumbun tsimi na yau.

A farin 1973 zuwa 1974 buhun ya zo daga nesa ƙwarai. Jiragen ruwa suka kawo dawa daga Amurka, irin wadda can dabbobi ake noma wa. Wani rahoto da Amurkawa biyu, Hal Sheets da Roger Morris, suka fitar a 1974 ya nuna yadda ƴaƴan makiyaya da suka saba da nono, ga shi yunwa ta riga ta raunana su, cikinsu ya kasa narka ta. Tsofaffinmu har yau suna tuna jar dawar nan da tuwonta. An ci, don babu wani. Kuma rabon wannan taimako yana cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar ranar 15 ga Afrilu 1974 da ya kifar da gwamnatin Diori Hamani.

Ta 1984 kuwa sunan mutum ta ci. A watan Afrilun shekarar Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Najeriya, damina ta zo ta gaza, hanyar da hatsi ke bi ya shigo mana kuma a toshe, ba a buɗe ba sai 1986. Mutanen gabashin Nijar suka ce mata El-Buhari. El ɗin nan ba na Larabci ba ne, ƴar ce a bakin mutanenmu, don yunwa mace ce a nahawun Hausa.

To ku jera su: buhu, gari, Gusau, Buhari. Sunan mazubi, sunan abin da aka riga aka niƙa, sunan inda aka je roƙo, sunan wanda ya rufe ƙofa. Babu sunan shuka ko ɗaya. Mutumin da ya yi layi tun asuba da tiya a hannu ba ya tambayar wace irin dawa ce, a wace gona, da wane magani aka ajiye ta. Kusurwar gwaji ta ɓace, lokaci ya ɓace. Tun daga nan muka saba cin abin da ba mu san asalinsa ba.

2005: shekarar biskit

A 2003 aka haife ni, saboda haka yunwar 2005 a baya na yi ta, a goye. Abin da na sani daga bakin iyaye mata ne da kuma takardu. Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara ta sauka. Amma hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, tsada ya yi. Farashi ya hau a Najeriya, ƴan kasuwa suka bi riba, buhu mai kilo 100 ya kai jikka 30 a wasu kasuwanni a tsakiyar damina. A farkon shekarar kuma gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara, fulawa, sukari, ruwa da lantarki, abin da ya fito da dubban mutane titin Yamai ranar 15 ga Maris, har aka janye yawancinsa. An daɗe ana cewa a sayar da hatsi da rahusa maimakon a raba kyauta, wai kar a ɓata kasuwa. Sai da hotunan yaran Maraɗi suka zaga duniya, Kofi Annan ya zo Damagaram da kansa a watan Agusta, Shugaba Tandja Mamadou kuma yana cewa babu yunwa a ƙasar.

A shekarar ne wani sabon baƙo ya shigo da yawa. Ƴar leda ce mai giram 92, cikinta tunkuzar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Wani likita Bafaranshe, André Briend, da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro ta a 1996, suka sa mata Plumpy'Nut. Ba ta buƙatar ruwa ko wuta, uwa tana iya ba ɗanta a gida. Ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, yawancinsu da ita. Mata ba su wahalar da harshensu ba, suka ce biskit. Mu ƴan shekarun nan da wuya ka samu aji a lakwal da babu wanda ya sha shi.

Biskit ya ceci rayuka, wannan babu gardama. Amma ku dubi zagayen da gyaɗa ta yi. Daga Amurka ta Kudu ta zo, muka noma ta, Turai ta saya shekara da shekaru, fari da cutar 1975 suka karya nomanta, sannan ta dawo mana a leda da rajistar mallaka ta wani kamfani a Faransa. Daga baya kamfanin STA na Yamai ya samu izinin yin ta a gida.

Tare da biskit akwai garin kunu na masara da waken suya, da man gwangwani, wasu cikin buhu mai hoton hannu biyu suna musafaha, alamar taimakon Amurka. A 2005 fiye da rabin masarar da aka shuka a Amurka, da kusan kashi 87 cikin ɗari na waken suyarta, OGM ne. Ku yi lissafin da kanku. Muhawarar da muke yi yau kamar sabon abu, mai yiwuwa cikinmu ya riga bakinmu saninta da shekara ashirin. Babu wanda ya tambaye mu. Shekara uku kafin nan, a 2002, Zambiya tana cikin yunwa Shugaba Levy Mwanawasa ya ƙi karɓar masarar Amurka, ya kira ta guba. Zimbabuwe da Malawi da Mozambik suka karɓa bisa sharaɗin a niƙa ta kar wani ya shuka. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, can an yi magana. Mu nan shiru aka yi.

Waken Samaru

To mene ne abin? Kowace halitta tana da ƙwayoyin gado da ke tsara kamanninta. Manomi tun da can yana zaɓen zangarniya mai kyau ya ajiye, masana kuma suna aurar da iri biyu na shuka ɗaya su samu na uku. Hatsin HKP na cibiyar INRAN ta haka aka same shi, haka Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe da ICRISAT ta fitar a Nijar a 2018. Waɗannan ba OGM ba ne, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su. OGM shi ne a ciro ƙwayar gado daga wata halitta dabam, a dasa ta cikin shuka a ɗakin gwaji. An fara sayar da irin wannan a Amurka a 1994 da wani tumatir, daga 1996 ya bazu a masara da auduga da waken suya.

Maƙwabtanmu biyu sun gwada. Burkina Faso ta fara noman audugar kamfanin Monsanto a 2008. Feshi ya ragu, amma zaren ya gajarta, darajar audugar ƙasar ta faɗi a kasuwar duniya, kamfanonin auduga suka yi watsi da ita a 2016 suna neman diyyar sefa biliyan 48. Babu wanda ya ce ta sa shi ciwo. Asara ta sa, kuma shawarar shiga da ta fita duk ba a gonar talaka aka yanke su ba.

Wanda ya fi shafarmu shi ne wake. A cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ayarin Farfesa Mohammad Ishiyaku ya yi shekaru yana aiki a kan waken da tsutsar maruka ba ta iya ci, tsutsar nan mai huda fure da kwanso. An ciro ƙwayar gadon daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da ake taƙaita sunanta Bt. Tana sa shuka ta yi wani furotin da ke fasa hanjin tsutsa, wanda ba ya samun wurin kamawa a hanjin mutum. Tun 1938 ake sayar da Bt ɗin a Faransa a matsayin maganin feshi. Hukumar Najeriya mai kula da wannan fanni ta amince da waken a Janairu 2019, aka sake shi ga manoma a Disamba da sunan SAMPEA 20-T. Ku bari ɗalibin harshe ya fasa sunan: SAM daga Samaru, PEA guntun sunan wake da Ingilishi, 20 lambarsa a jeri, T alamar an yi masa dashe. Duk bayanin da mai saye ke buƙata yana cikin harafi ɗaya na ƙarshe, wanda ba ya shiga tiya. Masu shi sun ce feshi ya sauko daga sau shida zuwa takwas ya koma biyu. A 2024 Najeriya ta ƙara da masarar TELA.

Tsakaninmu da Najeriya iyaka ce ta kusan kilomita 1,500, kuma ba ta taɓa tare iri ba. Ɗan ci-rani da ya dawo daga Kano ko Gashuwa gab da shuka yana iya zuwa da mudu biyu a jakarsa, kamar yadda kakansa ya zo da masara. A kasuwar Maigatari ko Machina, wake mai dashe da marar dashe ido ba ya raba su.

Yana cutarwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda ke kasuwar duniya a yanzu sun wuce gwaji, kuma ba a ga sun cutar da masu cinsu ba, amma ta ce kowane sabo sai an gwada shi shi kaɗai. Zancen wai irin ba ya tsirowa a shekara ta biyu, asalinsa wata fasaha ce da aka yi wa rajista a Amurka a 1998, duniya ta yi ca, aka dakatar da ita a 2000, ba a taɓa sayar da ita ba. Tambayoyin da suka rage na gaske ne: tsutsa takan saba, kamar yadda ta saba da audugar Bt a Indiya, wa ke riƙe da irin, me zai faru da namu irin su Ba'angure da Ankutes da Zango a hatsi, da jan wake da farin wake na gado, in kowa ya koma sayen iri.

Tsoron mutane kuwa ba daga sama ya faɗo ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa dubban mutane a Nijar allurar rigakafi ta jabu. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka mutu, shari'a ta yi shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Duk mai son a yarda da sabon iri, da wannan tarihi zai fara yin magana.

Gubar da muka riga muka sani

Abin da ke ba ni haushi shi ne muna kallon nesa, guba tana bakin ƙofa. Waken Samaru ba ya hana ƙwaron rumbu. Nijar tana cikin manyan masu noman wake a duniya, bayan Najeriya, kuma yawancinsa kudu yake tafiya, Dawanau ta Kano. Don kar ƙwaro ya huda shi kafin farashi ya tashi, wasu suna yayyafa masa piya-piya ko su jefa ƙwayar gas cikin buhu. Piya-piya, mai sinadarin dikulorbos, jijiya yake kamawa. A watan Yuni 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari a jikinsa. Turai tana da ɗakin gwaji a bakin tashar jiragenta, ta mayar. Wanda aka mayar da wanda bai tafi ba, wa ya ci? Mai ƙosai da yaran da ke layi gabanta da safe.

Ga kuma gubar fumfuna. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa daga Barazil, daga nan aka gano aflatoksin, gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. Tana jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu da masara mai ita. Wuta ba ta kashe ta. Kuma kowa ya san in an tsince gyaɗa, mai kyau kasuwa take zuwa, ƴar baƙa-baƙar ita ke komawa ƙuli-ƙuli da miyar gida.

Maganin ƙwaron rumbu ma daga waje ya zo, amma ta hanyar da ta dace. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, masanan INRAN na Maraɗi suka gwada shi, daga 2007 aka riƙa zuwa ƙauye ƙauye ana ɗaure wake gaban jama'a, a dawo bayan watanni a kwance gaban jama'a. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu, babu magani ko ɗigo. Mutane suka gani da idonsu, suka kira shi buhu mai ciki uku. Kusurwar gwajin nan ta kakanni ce ta dawo.

Kammalawa

Nijar tana da doka a kan wannan fanni tun Oktoba 2019, tana kuma cikin ƙasashen yarjejeniyar Kartahena, wadda ta ba kowace ƙasa haƙƙin a sanar da ita kafin a shigo mata da iri mai dashe don shukawa. Da Faransanci aka rubuta dokar. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To ga wurin gwada maganar: a jikin buhun iri, da buhun taimako, da kwalbar maganin ƙwari. A rubuta mene ne, daga ina, an yi masa dashe ko ba a yi ba, kwana nawa za a jira bayan feshi. A faɗe shi a rediyon gari da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci da Buzanci, don Gure ba harshe ɗaya take ji ba. A sa na'urar gwaji a manyan kasuwannin iyaka, ta duba piya-piya da aflatoksin kafin komai.

Sunan ma sai mun yi hattara. Mai talla yana cewa ingantaccen iri, mai adawa yana cewa iri mai guba, kowannensu ya yanke hukunci cikin sunan tun ba a zauna shari'a ba. Shawarata mu raba uku: irin gado, wanda manomi ya zaɓa ya ajiye, irin aure, wanda masana suka haɗa daga shuka ɗaya, kamar yadda muke cewa mangwaro mai aure, da iri mai dashe. Da waɗannan kalmomi uku tsohuwa a kasuwar Subdu ko Gidigir tana iya tambayar mai sayarwa wanne ne wannan, ta saya ko ta wuce. In wani yana da waɗanda suka fi su, bismilla, shafin fitowa ta gaba a buɗe yake.

Roƙona ga ƴan ƙungiya: hutun nan kowa in ya koma gida ya zauna da tsofaffin unguwarsu da littafi da biro. A rubuto sunayen irin hatsi da dawa da wake da suka sani, da waɗanda suka ɓace, da sunan kowace shekarar yunwa da abin da aka ci cikinta, da harshen da aka faɗa. Waɗanda suka ci jar dawar 1974 suna manya sun haura saba'in yanzu. Kada mu jira wata damina.